Ambulan Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Assalamu alaikum 'yan uwa masu leƙo wannan shafi nawa. Yau babu wasa da dariyar da muka saba buɗewa da su, domin kwana biyu ke nan in Baba yana falo ko wucewa ta gabansa ba na iya yi. Sau uku ina rubuta wannan labarin ina gogewa. Wadda ta ji haushina bayan ta karanta tana da gaskiya, ni ma haushin kaina nake ji.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni mai fassarar fina-finai ce. Wani ɗan shago ne a saman bene, a kan masu gyaran waya, ɗaki biyu. Ɗaya na masu sa murya ne, an manna masa tsofaffin katifu a bango don kada ƙarar titi ta shiga. Ɗayan nawa ne, tebur da kwamfuta da wata fanka mai kuka. Oga ya kawo fim na ƙasar waje, ni in toshe kunnuwana da abin ji in rubuta maganganun da Hausa, layi bayan layi. Tun ranar da Oga ya gano cewa fim ɗin masu bin mutane suna kashewa ɗaya bayan ɗaya ya fi tafiya a kasuwa, shi ke nan ya ɗora min su. A shekara huɗu na fassara sun fi tamanin, kowanne kuma sai na kalle shi sau biyar ko shida.

To wadda ta yi wannan aikin ba a yi mata ɓoyo a fim. Minti goma da farawa zan nuna miki makashin. Ba ya taɓa zama mai zare ido da tsawar nan ba, wannan an ajiye shi ne don ya ɗauke hankalin 'yan kallo, kafin a kai rabi za a tsinci gawarsa. Makashin gaske shi ne mai ladabin nan, mai riga a goge, wanda yake karɓar wa tsohuwar maƙwabciyarsa kaya. In an kama shi a ƙarshe sai ki ji maƙwabta suna rantsuwa cewa ko sa-in-sa ba su taɓa jin ya yi da kowa ba. Kullum yana da ɗaki guda da yake kullewa. A ɗakin akwai taswira a bango an soka mata allurai, akwai akwatin da yake tara ɗan abin tunawa daga kowace mace, zobe ne, agogo ne, ɗan kunne ne. Uwarsa ta mutu kuma ba ya son a yi zancenta. Sannan akwai yarinyar fim, sakarya, wadda za ta ga komai da idonta ta fito ba ta ɗauko komai ba, ta kira 'yan sanda, su zo su tarar an share ɗakin tas, a mayar da ita mahaukaciya. Wannan yarinyar in ina fassara maganarta har tsaki nake ja. Ku riƙe zancenta, za mu dawo kansa.

A gida Yayanmu yana kirana Sufeto, saboda ko cokali ne ya ɓace sai na tara mutane na yi tambayoyi. Da wasa ne. Ban san ranar da abin ya daina zama wasa a kaina ba.

Mai nemana ma'aikacin jinya ne a sashen hatsari na wani babban asibiti. Mama tana ce masa Likita, shi kuma kullum ya sunkuyar da kai ya gyara.

"Nas ne, Mama."

"Yo duk ba allura ba ce?"

Wata bakwai muna tare, an yi magana tsakanin manya, an tsayar da lokaci. Mama kuwa kamar ita za a kai gidan. Shekarata ashirin da takwas, kuma ba ta bari in manta.

"Kin kori ɗan kasuwa kin ce dariyarsa ta yi yawa. Kin kori malamin makaranta kin ce ba ya ƙifta ido. Wannan in kika kore shi, wallahi kwamfutar nan za ki aura, ni da kaina zan kai ki."

Kuma ina son sa. Gara in faɗa tun yanzu don kada ku zaci hanyar gudu nake nema. Mutum ne da zai ɗauki maganin da ke kan teburinki ya duba ranar lalacewarsa ba tare da ya ce komai ba. Da ya lura idona yana ja saboda kallon kwamfuta, sai kawai ya zo min da maganin ɗigawa, ya rubuta a jikin kwalin "safe da yamma". A wayata Mai Shiru na sa masa.

Shirun ne ya fara ɗaure min kai. Wata bakwai ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko da mai babur ya goga masa mota. Rigarsa kullum kamar yanzu aka sauke ta daga guga. Ran nan ya buɗe but ɗin mota zai ɗauko wa Mama kaya, na hango kwalin safar hannu ta roba da ledoji manya a ninke. Na tambaye shi mahaifiyarsa, ya ce "Allah ya ji ƙanta," ya koma zancen ruwan da aka ɗauke a unguwarsu. Sannan ga Asabar. Duk Asabar ɗin da ba ya aiki, wayarsa ba ta shiga daga safe har la'asar.

Na rubuta masa, "Ina ka shiga tun safe?"

"Wani ɗan aiki ne a bayan gari. Kin ci abinci?"

"Wane irin aiki?"

"Ba mai daɗin ji ba ne. Wata rana zan ba ki labari."

Jama'a, wannan layin sau nawa na fassara shi? Na kife wayar a kan gado, na ce wa kaina ke Sufeto ki shiga taitayinki.

Ranar Talata muka je gidansa awon labule, ni da Anti ƙanwar Mama, da ƙanwarsa wadda ke riƙe da makullai tunda shi yana wurin aiki. Na sa doguwar rigata ruwan toka da baƙin mayafi, na rataya jaka, tef ɗin awo da takarda a hannuna. Gida ɗan madaidaici, ɗaki uku. Takalma a jere a bakin ƙofa, kofuna a kife, tawul a ninke gida huɗu. Anti sai santi take yi.

"Ke kam kin huta, wannan ba zai bar miki safa a kan kujera ba."

Muka auna falo, muka auna ɗaki biyu. Na uku yana can ƙarshen lungu. Na murɗa hannun ƙofar na ji ta gam.

"Wannan ba sai an auna ba," in ji ƙanwarsa. "Ɗakin ajiyar Yaya ne, ko ni ba na shiga."

Da ta san da wadda take magana da ba ta faɗi haka ba. Suka shige kicin ita da Anti suna musun ko ruwan ƙasa ko ruwan madara zai fi dacewa da kujeru, makullan kuwa ta bar su a kan teburin falo. Wallahi ban tsaya shawara ba. Na uku da na gwada ya buɗe.

Ga taswira a bango, ƙatuwa, duk manyan hanyoyi an bi su da biro, an soka allurai masu jan kai da masu farin kai. Gefenta hotuna a manne: agogo mai fasasshen gilashi, takalmin mace ƙafa ɗaya, makulli, zobe. A kan tebur akwatin katako, a ciki ambulan na wasiƙa a jere, kowanne da lamba, har talatin da ɗaya. Na zaro ɗaya daga tsakiya, mai lamba goma sha bakwai. Ɗan kunne ne guda ɗaya, ƙarami, mai koren dutse, maratayinsa a ɗan lanƙwashe. Da 'yar takarda da rubutunsa, rubutun nan da ya rubuta min "safe da yamma" da shi: "Mace, kimanin shekara ashirin da bakwai. Doguwa. Tsohon tabo a haɓa." Sai kwanan wata.

Ni ma doguwa ce. A fim kuwa makashi kullum iri ɗaya yake zaɓa.

Na ɗauki hotuna da wayata. Har na juya zan fita, sai yarinyar fim ta faɗo min, sakaryar nan da nake yi wa tsaki. Na ce ni ba za a share ɗaki a mayar da ni mahaukaciya ba. Na juye ɗan kunnen a aljihun jakata na ciki, na mayar da takardar cikin ambulan, na liƙe bakinsa, na sa shi a gurbinsa. Na kulle, na ajiye makullan inda suke. A mota Anti ta tambaye ni tef ɗin awo, na laluba ban gan shi ba, na ce ƙila ya faɗi a hanya.

Za ku ce me ya hana ni tambayarsa? A fim wadda ta tambaya ita ce gawa ta gaba. Iyakar hujjata ke nan, kuma yau da nake rubuta ta kunya kamar ta kashe ni.

Yaya na fara nuna wa hotunan. Ya fara da dariya har da riƙe ciki. "Sufeto ta kama babban kifi!" Da ya kai kan takardar mai zancen tabo sai dariyar ta ɗauke. Ya kai wa Baba. Baba ya daɗe yana kallo ta saman tabarau, sannan ya ce a gaya wa yaron ya zo ranar Asabar bayan la'asar, kuma kada Mama ta ji. Mama ta ji kafin a yi magariba. Ta zauna a bakin gadona ta yi kuka, ta ce ita dai ba ta yarda ba, amma in rufe taga. Zancen ɗan kunnen kuwa ban gaya wa kowa ba. Na ajiye shi sai ya musanta in fito da shi a gaban kowa, yadda ake yi a ƙarshen fim.

Kwana huɗu ban ɗaga kiransa ba. Saƙonninsa suna shigowa.

"Lafiya kuwa? Na ji ki shiru."

"In idon ne ya tashi ki rage kallon kwamfuta."

"Ko akwai abin da kike son tambayata?"

Na ƙarshen nan na nuna wa Yaya na ce ka gani, barazana ce.

Asabar ya makara da rabin awa, abin da bai taɓa yi ba. Ina leƙe ta labulen lungu na ga ya shigo rigarsa duk ta yamutse, idonsa ja. Bayansa wata tsohuwa ce 'yar firit, da zane ya koɗe da leda a hannu. Ya roƙi Mama ta ba ta wurin zama da ruwa, ya ce daga nesa suke. Mama ta shimfiɗa mata tabarma a baranda, shi kuma ya shiga falo ya durƙusa gaban Baba.

Baba bai yi doguwar magana ba. Ya miƙa masa wayar Yaya.

"Ɗana, me ke nan?"

Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ina jiran ya yi murmushin nan da suke yi in an kama su. Bai yi ba. Ya ajiye wayar a kan kafet a hankali.

"Baba, a wurin aikinmu ana kawo waɗanda suka yi hatsari a hanya. Wasu suna rasuwa babu waya, babu takarda, babu wanda ya biyo su. A jira na ɗan lokaci, in shiru a yi musu sutura. 'Yan abubuwan da aka samu a jikinsu sai su zauna a sito har a zubar. Shi ne na nemi izini a rubuce aka bar ni ina adanawa. Ranar da ba ni da aiki in bi tashoshin mota da ƙauyukan bakin hanya, ina nuna hotunan kayan ko wani zai gane. Jan allura wanda ba a samu danginsa ba ne. Fari wanda ya koma gida. A shekara shida tara suka koma."

Yaya ya fara kallon yatsun ƙafarsa.

"Me ya ɗora maka wannan wahalar?" in ji Baba, muryarsa ta sauka.

"Ina shekara goma sha biyu mahaifiyata ta hau mota zuwa wata kasuwa. Ba ta dawo ba. Har yau ba mu san inda aka binne ta ba. Ko tsinken kanta ba mu samu ba, Baba."

Na dafe bango. Ashe zancen da yake gudu ke nan, ni kuma na sa shi a jerin alamomi, tsakanin safar roba da riga mai guga.

"Ban so in faɗa mata kafin biki ba, kada in cika mata kai da zancen gawa," ya ci gaba. "Tun ranar Talata na san an shiga ɗakin. Na zaci za ta tambaye ni." Ya waiga wajen baranda. "Baba, wannan tsohuwar da na zo da ita, wata goma sha huɗu ina nemanta. Yau na same ta. 'Yarta ta fita neman aiki ba ta dawo ba, kullum tana zaune a ƙofar gida tana jira. Na karanta mata takarda, ta ce tabon haɓa kam na 'yarta ne, amma masu tabo suna da yawa, ita ba za ta yarda ba sai ta ga abin 'yarta da idonta. Na buɗe ambulan a gabanta da maƙwabtanta, babu komai a ciki. Ta ce ƙafarta ƙafata. Don Allah Baba a tambaya min, ko ɗan kunnen yana nan gidan."

"Wane ɗan kunne?" in ji Baba.

Mama tana tsaye a bayana ban sani ba. Kallona kawai ta yi, kallon da tun ina 'yar shekara bakwai da na ɗauki alli a makaranta ban sake ganinsa ba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Na shiga ɗaki na zuge jakar. Daga ɗakina zuwa baranda taku goma ne, amma sai na ratsa falo, ta gaban Baba, ta gaban Yaya, ta gabansa. Babu wanda ya ɗaga kai. Na durƙusa a gefen tabarmar na buɗe tafin hannuna.

Tsohuwar ta ɗauka da yatsu biyu, ta kai shi dab da idonta, ta juya shi. Ta shafa maratayin nan mai lanƙwasa.

"Ni na gyara mata wannan da haƙorina," ta ce. "Ranar da za ta tafi ya buɗe."

Ba ta yi kururuwa ba. Ta ce innalillahi sau ɗaya, ta kwance bakin zanenta ta ɗaure ɗan kunnen a ciki, ƙulli biyu. Sannan ta kamo hannuna da nata duka biyun, hannu mai kaushi da ɗumi.

"'Yata, a wurinki yake ashe? Ke kika adana mata?"

Na buɗe baki zan ce a'a Inna, sata na yi, don in nuna wa duniya cewa mutumin da ya yi wata goma sha huɗu yana nemanki shi ya kashe miki 'ya. Kafin in haɗa kalma ɗaya na ji muryarsa daga bakin ƙofa.

"E, Inna. Ita ta adana."

Tsohuwar ta yi ta sa min albarka. Ta ce Allah ya ba ni miji na gari, ya ba ni 'ya'ya masu jin ƙaina, kada ya nuna min ranar da zan zauna a ƙofar gida ina jira. Kowace addu'a sai na ji kamar mari. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Mama ta juya ta shige kicin, ina jin ta tana fyace hanci.

Ya ce zai kai ta ta ga kabarin kafin rana ta faɗi, sannan ya mayar da ita gida. Baba ya raka shi har mota, abin da bai taɓa yi wa wani saurayina ba, na hango shi yana riƙe da hannunsa yana magana, shi kuma yana girgiza kai alamar babu komai. Ni bai kalle ni ba. Ba da fushi ba, da na ga fushi da na san abin yi.

Yaya ma ya bi su rakiyar, da ya dawo bai ce min Sufeto ba. Ya miƙo min abu ya wuce.

"Ya ce a ba ki."

Ambulan ne irin na cikin akwatin, an rubuta talatin da biyu a kusurwa. A ciki tef ɗin awona ne, an naɗe shi tsaf, da 'yar takarda da rubutun nan nasa:

"An tsince shi a ɗakina ranar Talata. Mai shi mace ce, shekara ashirin da takwas, doguwa. Na zaci ta san ni."

Kwana biyu ke nan ina juya takardar nan. Na rubuta masa "ka yi haƙuri" ya fi sau ashirin ina gogewa, don kalmomin sun yi wa abin da na yi kaɗan. Fim tamanin na fassara, babu ko ɗaya da ya nuna abin da yarinya take faɗa in ta buɗe ɗakin ta tarar mutumin kirki ne, ita ce mai laifin. Shi ma bai kira ba. Maganin idon da ya kawo min yana nan a kan tebur, safe da yamma, na kasa taɓa shi.

Ɗazu ina cikin rubuta muku wannan wayata ta yi ƙara. Na wawure ta har ta kusa faɗuwa. Ba Mai Shiru ba ne, mai ɗinkin labule ne:

"Hajiya yadi ya iso, ruwan madara. In yanka ko in dakata?"

Na kai wa Mama wayar ta karanta. Ta miƙo min abata.

"Ni kike tambaya? Akwai mai amsar, kuma kin san lambarsa."

Ga lambar nan a gabana na buɗe ta. Tun azahar yatsana yake kanta.